Ƙwan Fitilar Bulik Warsinem

Duk wanda ya taɓa cin tempe a kasuwar Kejajar ya ce bai san Bulik Warsinem ba, ƙarya yake yi. Ƙanwar mahaifiyata ce, shekararta sittin da ɗaya, gajeriya, ga faɗa ga kyauta. Shekara talatin da biyar tana abu ɗaya: ta jiƙa waken suya, ta dafa, ta murje ɓawon, ta barbaɗa masa yis, ta naɗe a ganyen ayaba, ta jera a kan katako a ɗan ɗakin da ke bayan kicin. Kwana biyu sai waken ya yi farin gashi, ya haɗe kamar sandar sabulu. Garinmu a kan dutse yake, sanyinsa har cikin ƙashi, amma nata bai taɓa ƙin kamawa ba.

A ƙarƙashin katakon akwai ƙwan fitila biyu, irin jajayen nan na da, a kunne dare da rana. In ka tambaye ta dalili sai ta ce tempe ba ya son duhu. Haka surukarta ta koya mata, ita a zamaninta ma fitilar kananzir take ajiyewa a wurin.

Mijinta kuwa, Paklik Darmaji, tun da ya ajiye tuƙin motar haya ba shi da abokin gaba sai mitar wuta. Da ta fara ƙarar kuɗi sun kusa ƙarewa, sai ya ƙwala wa Bulik kira.

"Bu, kin ji ta ko? Ta fara kuka. Shekaranjiya fa na ciyar da ita."

"To ka goya ta mana, Pak, tunda 'yarka ce."

Wata Asabar tana kasuwa, ya gangara garin Wonosobo ya sayo kwali guda na fararen ƙwayayen nan na LED da ba sa cin wuta. Kafin ta dawo ya bi gidan kaf ya canja, har da biyun ɗakin tempe. Bulik ta shigo ta tsaya tana kallonsa.

"Ashe haka ka tsufa, Pak? Jan ƙwai ne yake rufa maka asiri!"

Amma fa ta ji daɗi. Ranar ta tsince tsakuwa daga wake ba tabarau. Da ta leƙa ɗakin bayan kicin ta gan shi fayau kamar asibiti, cewa ta yi yanzu tempe zai sha haske har ya ƙoshi.

Ran Talata ta buɗe ganye, wake a warwatse, ga yauƙi ga tsami. Ta zagi mai wake. Ta sake naɗe wani, ran Alhamis ta buɗe, haka dai. Ta zagi mai yis, amma a sanyaye. Ga shi maƙwabciyarta Bu Ngatirah za ta aurar da babbar 'yarta ran Lahadi, tun wata biyu ta ce a yi mata ƙunshi ɗari uku. In ba a naɗe ran Juma'a da safe ba, an rasa.

Da na je gidan ran Alhamis da hantsi na same ta a kan tabarma, ta zuba wa tafin hannunta ido.

"Nduk, 'yar nan, hannuna ne ya mutu," ta ce min. "Surukata ma haka ya yi mata, rana ɗaya ya juya mata baya. Je ki ce wa Ngatirah ta sayi na leda a gari."

Na leda! Matar da ko gaisawa ba ta yi da masu sayar da na leda.

Ta tashi za ta zubar da ruɓaɓɓen waken, sai ta tarar da magenta, Belang, a kwance a kan tukunyar shinkafa mai lantarki. Shekara tara magen nan ba ta da wurin kwana sai ƙarƙashin katakon tempe.

"Har ke ma kin guje ni, 'yar banza?"

Paklik yana shan shayi ya ce, "Mage ai ba ta san amana ba, Bu. Ɗumi kawai take bi."

Bulik ta tsaya cak da roba a hannu. Ta ajiye, ta shige ɗakin, ta durƙusa ta damƙe ƙwan fitilar da hannu, yana kunne.

"Pak. Zo ka taɓa."

Ya taɓa, ya washe baki. "Ai shi ne kyawunsa! Mai shago ya ce ba ya zafi, shi ya sa ba ya shan wuta."

"Mai shagon ne zai yi wa Ngatirah tempe?"

Na zaci za ta kifa masa robar a ka. Sai ta zauna a ƙasa ta kama dariya, har da hawaye. "Shekara talatin da biyar ina haska wa wake hanya, ashe shi bargo yake so. Ina tsofaffin?"

Nan Paklik ya fara sosa ƙeya. Ya kyautar da su ga Pak Tugiman, mai kiwon kaji a ƙasan layi. "Shi ya sa mutumin ya yi ta godiya kamar na ba shi saniya," ya ce. Ita ce ta miƙo masa hularsa.

Na bi shi don kar labari ya wuce ni. Pak Tugiman na hango shi ya gane.

"Direba! Ka zo ƙwace wa 'yan tsakina ɗumi?"

"Biyu kawai, Tugiman. In na koma hannu rabbana, a kejinka zan kwana."

"Ba wuri. Ka ce wa uwar gida ƙunshi goma nake so, masu kauri."

Sauran gidan aka bar shi da fararen, Bulik ta ce wanda ya taɓa mata na kicin sai ta karya masa yatsa. Jajayen biyu suka koma mazauninsu. Ran Juma'a bayan asuba muka naɗe ɗari uku da goma. Ran Asabar da la'asar ta ɗora bayan hannunta a kan ganye, ta ji ɗumi yana tasowa, ganyen har da gumi. Ba ta buɗe ba. Ta dai je ta dafa wa Paklik taliyar da yake so, da barkono mai yawa.

Lahadi da sassafe Bu Ngatirah ta zo da kwanduna biyu. Ta zari ƙunshi ɗaya daga tsakiya, ta kware ganyen, fari tas, a haɗe gam. Ta danna da babban yatsa, ta shinshina, ta gutsura ɗanye.

"Yu Nem, ba za ki ƙara min hamsin ba?" ta ce wa Bulik. "Dangin ango sun fi yadda aka ce."

Bulik tana loda kwando ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Hamsin? Ki aurar da ƙaramar tukuna."