Tururuwar da aka bar min amana

A Tudun Wada, shekarar da soja suka koma bariki, ɗakinmu na jikin na wata malamar kimiyya 'yar Binuwai. Murhu ɗaya muke girki. Tana da wani ɗan dutse ruwan zuma, bai fi dabino ba, da tururuwa kwance a cikinsa, ƙafafunta ras. Ta ce min ƙaron itace ne ya zubo mata, ya daskare tun kafin a yi mutane, kuma irin wannan tururuwar ta ƙare a duniya. Da shi take koyar da ɗalibanta.

Da gari ya rikice, ta kwashe 'ya'yanta zuwa Gonin Gora. Ta danƙa min dutsen, ta ce in ajiye mata, kar ya ɓace a hanya. Na sa shi a ƙasan kwalla.

A lokacin an sallami maigidana daga masaƙa, kullum yana zaune ƙofar gida da rediyo. Yayarsa, wadda ba ta shiga ɗakin mutum ba ta buɗe masa kwanuka ba, ita ta tono dutsen. Ta ɗaga shi a rana ta saki salati.

"Ga abin da ya ɗaure ka! Yadda ƙwaron nan ya kafe, haka aka kafe ka. Sammu ne."

"Yaya, kayan makaranta ne," na ce. "Amana ce."

Ko kallona ba ta yi ba. Abin da ya fi ƙona min rai, maigidan da kansa ya hura gawayin da aka ƙona dutsen a kai. Dutsen ya narke yana ƙamshi kamar turaren wuta, yayar tana cewa mu ji yadda sharri ke fita. Mutum ɗari nawa aka sallama tare da shi, duk tururuwa ɗaya ce ta kafe su?

Da ƙura ta lafa, malama ta zo, da doya a buhu. Ban iya ƙarya ba, na faɗa mata komai. Ta kalli tabarma, ta ce:

"Maman yara, maigidanki ma ya yarda zan yi masa haka?"

Yana waje, yana jin mu. Na jira ya shigo ya ce wani abu. Sai ya ƙara muryar rediyo.

Ta sa takalmanta, ta bar doyar a bakin ƙofa. Da daddare yayar ta ce kada kowa ya ci.