Gwangwanin Yajin Inna

Na daɗe a gidan mijina ban taɓa ganin uwarsa ba, amma na san hannunta. Tana Bur Sudan, mu muna Jidda, teku a tsakaninmu. Ita ba ta rubutu, shi ma ba ya yi. Abin da ya haɗa su gwangwani ne. Duk shekara idan jirgin ruwan alhazai ya iso, sai wani ya ƙwanƙwasa mana ƙofa a unguwar Ammariyya ya miƙo gwangwanin madara cike da yajin tsire da ta daka da kanta, an ɗaure bakinsa da tsumma.

Maigidana tsire yake yi. Bayan la'asar yake kafa tukubarsa kusa da bakin teku, inda mutanen gari da baƙi daga Makka ke zuwa shan iska. A wajenta ya koyi haɗin yaji tun yana yaro. Idan ya kwance tsumman nan ya shinshina sai ya ce Inna tana lafiya. Shekarar da barkono ya yi yawa kuwa, cewa ya yi wani ya ɓata mata rai. Ba ya sayar da nata. Ɗan kaɗan yake barbaɗawa cikin namu don ya kai shekara.

Sai yayansa ya zo. Akawu ne a tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, ya ce umara ya zo. Umarar ta ci kwana biyu, Jidda ta ci sati uku. Tun a jirgi aka karanta masa wuraren da baƙo ba ya tsallakewa: kasuwannin Balad, titin Gabil mai shagunan turare da yadi, gidajen gahawa na bakin ruwa, da wani fili da ake haska fim a bango bayan magariba. Maigidana ya rufe tukuba ya zama ɗan rakiya. Kullum su dawo Yaya na gaba yana zuba labari, ƙanensa na baya da kwalin rediyo a ka. Ni kuma ina kicin ina tuƙa wa mutum tuwo yana yi mini bayanin garin da aka haife ni.

Wuri ɗaya ne bai taka ba. Ranar da maigidana ya koma sana'a ya gayyace shi, sai ya ce hayaƙi zai shiga sabuwar jallabiyarsa. Tsiren dai da aka kawo gida bai bar ko tsinke ba.

Ana saura kwana biyu ya tafi ya tuna cewa Inna ta roƙi a kawo mata hoton ɗanta. Na ji daɗi har cikin raina. Na ce a kira mai hoto bakin teku, a ɗauke shi gaban tukubarsa da gwangwaninta a hannu. Yaya ya dube ni kamar na zubar masa da miya a riga.

Ya ce, "Haba ƙanwata. Mutum ya yi shekara da shekaru a Jidda, a kai wa Inna hoton gawayi? Halas, shi ke nan, ni na san inda za a ɗauka."

Na ce, "Yaya, ai ita ta koya masa sana'ar."

Ya ce mata ba su san mutuncin gida ba. Na dubi maigidana ko zai yi magana, ya sunkuyar da kai, don bai taɓa musu da yayansa ba. Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne da hannuna na goge rigar aron da ya sa. Suka tafi shagon da Yaya ya sayi agogo, mai shagon ya yarda ya matsa gefe, aka tsayar da mijina bayan kanta da agoguna rataye a kansa. Mutumin da inuwar bango yake dubawa ya san la'asar ta yi.

Da shekara ta zagayo, sau uku maigidana yana zuwa tashar jirgi neman gwangwanin. A ƙarshe wani tsoho maƙwabcin Inna ya zo gidanmu hannu rabbana. Ya sha shayi, ya yi ta waige-waige a ɗan tsakar gidanmu, sannan ya isar da saƙo.

"Inna ta ce a gaishe ka. Ta gode Allah ka huta da wuta. Ta ce ba za ta ba ka kunya ta aiko wa mai shago da gwangwanin tsumma ba."

Ni na buɗe baki na faɗa wa tsohon gaskiya tas, ban rage komai ba. Wasiƙa ba ta da amfani, don Yaya ne mai karanta mata. Saboda haka da alhazai za su koma muka ba tsohon gwangwanin bara, wanda na kankare har ƙasa, muka ce ya sa mata a hannu, za ta gane har yanzu ɗanta yana gaban wuta.

Bai same ta ba. An yi kwana tara da binne ta ya sauka.

Yaya ya aiko da takardar ta'aziyya da hoton a ciki. Ya rubuta cewa duk wanda ya shiga ɗakinta sai ta nuna masa, kuma mu gode wa shi Yaya da ya sa ta rasu tana alfahari. Na sa aka karanta mini wurin nan sau biyu don in tabbata kunnena ya ji daidai.

Hoton yana ƙasan akwatina, ban taɓa rataye shi ba. Daga shekarar ni na ci gaba da daka yajin. Masu shan iska ba su ji bambanci ba, shi ma bai taɓa kushe mini ba. Amma har ya bar sana'ar, idan na miƙa masa kwanon karɓa kawai yake yi ya barbaɗa, ba ya kai shi hanci.