Ƙarfen Barikin Mangwaro

Ranar an tashi da yayyafi. Farkon damina ne, shekarar da ake ta maganar soja za su miƙa mulki ga farar hula. Na dafa gwate, na zuba wa maigidana a kwano mai murfi. Ya ce gishiri ya yi yawa, amma ya cinye har da siɗe kwano. Ya ɗauki sheburinsa a bayan ƙofa, ya ja kumatun 'yarmu Ladi, ya fita. Ni ma na goya ta, na ɗauki kwanon ɗaukar ƙasa, na bi bayansa. A Barikin Mangwaro muke zaune, gefen hanyar Jos zuwa Bukuru, kuma dukanmu kuza muke haƙa.

Babana shi ne mai buga ƙarfen bariki. Sunansa Malam Sule, amma Baba Mai Ƙarfe kowa ke ce masa. Saboda shi nake ba da wannan labari. An ce shi ya kira mutane zuwa ga ajalinsu. An daɗe ana faɗa, har waɗanda ba a haifa ba a lokacin sun gaji maganar. Ƙarya ce, kuma ina wurin.

Ƙarfen guntun layin dogo ne, an rataye shi da sarƙa a reshen mangwaron da ke bakin bariki tun zamanin Turawan kamfani. Bugu iri uku gare shi. In aka buga ɗaya-ɗaya a hankali, fita aiki ne. In biyu-biyu ne, an tashi. In kuwa ba ƙaƙƙautawa, rami ya rufta da mutum. Wannan na ukun ba a tsayawa tambaya. Ko loma ce a bakinka sai ka tofar, ka suri shebur ko diga, ka ruga gindin mangwaro a nuna maka ramin. Musulmi da Kirista duk haka suke yi. Da haka aka tono maigidana da ransa shekarar da muka yi aure, ƙasa har cikin hancinsa.

Kamfani ya daɗe da kwashe kayansa, ya bar mu da kududdufai da tuddan ƙasa. Muka ci gaba da haƙa ramukanmu, muna wanke kuza muna sayarwa. Ba wanda ya ce wa Baba ya daina buga ƙarfe, shi kuwa bai daina ba. Sai aka ce wani mai hali ya sayi filin, har da barikin. Aka aiko mu tashi. Heluma Garba, shugaban leburorinmu, ya ce mu tashi mu je ina, ga kaburburan iyayenmu nan. Aka sake aikowa. Muka yi dariya, muka koma rami.

Da hantsi yayyafin ya tsaya. Ina kan babban tudun ƙasa, na hau in juye kwanona. Daga can ana ganin komai: titi, bariki, mangwaro, da bakunan ramuka a gangare. Sai na ji ƙugin inji. Manyan motoci biyu suka sauka daga titi, katafila na biye da su. Mutane suka dirgo, wasu da kaki, wasu ba kaki. Har yau ban san na wa ne ba, ba su gabatar da kansu ba. Wasu na riƙe da bindigogi, wasu da galan-galan.

Daga layin ƙarshe suka fara. Suna watsa fetur a jinka suna ƙyasta ashana. Ciyawar a jiƙe take, hayaƙin ya tashi fari fat. A cikin ɗakunan nan ba kowa sai tsofaffi da yara da marasa lafiya. Mazaje suna ƙarƙashin ƙasa, ba su gani, ba su ji. Mata suna bakin kududdufi, tudu ya tare musu.

Baba yana zaune a bencinsa a gindin mangwaro. Ya miƙe. Ya ɗauki guduma.

To ku masu wayo da kuka zo daga baya, ku faɗa mini wanne zai buga. Na fita aiki? Na tashi? Ba a taɓa yi wa ƙarfen nan bugun da ke cewa ku gudu ba, domin ba mu taɓa zaton za mu guje wa gidanmu ba. Wuta na cin ɗakuna da yara a ciki. Ya buga wanda yake da shi, ba ƙaƙƙautawa.

Ramuka suka fara aman mutane. Kowa da shebur, kowa da diga, jiki duk jar laka. An kwana biyu ana ruwa, ba wanda ya yi shakkar rami ne ya rufta. Suka haura gangare a guje. Maigidana ne a gaba. Tun da aka tono shi, kullum shi ne a gaba.

Masu kaki suka juya. Suka ga taron maza na tahowa da ƙarafa a sama. Wani ya yi tsawa: "Ga su nan! Ku jeru!" Na ji ƙarar ɗana bindigogi, ƙas-ƙas, har kan tudu.

Ƙarfen ya yi shiru. Wannan shi ne abin da na gani da idona, kuma shi zan faɗa har in koma ga Allah. Baba ya dubi bindigogi, ya dubi mazaje, ya gane. Ya yi jifa da gudumar. Ya cire hularsa, ya ware hannuwa, ya ruga wajensu, tsoho mai ciwon gwiwa.

"Ku koma! Ba rami ba ne! Ku koma!"

Harbin farko a bayansa ya same shi. Ya faɗi rubda ciki. Mazajen ba su ji abin da ya ce ba, ƙarar ƙarfe na cikin kunnensu. Da suka ga tsoho ya faɗi, sai suka ƙara gudu su ɗauke shi. Haka suke, haka aka raine su. Sai aka buɗe wuta gaba ɗaya.

Na yi ta ihu daga kan tudu. Ko a lokacin bakina bai iya kiran sunan mijina ba, mu ba a raine mu muna kira ba. Baban Ladi nake ta kira. Na ga ya durƙusa kusa da Baba. Na ga ya sa hannu zai ɗaga shi. Daga nan hayaƙi ya rufe wurin.

Wani hannu ya fizge ni ta goyo, na zame ƙasa da gwiwa. Mama Ngozi ce, mai kantin sabulu da kananzir. Ta taɓa gudu daga garin nan kafin yaƙin basasa, ta dawo bayan an gama. Ita kaɗai a cikinmu ta san ƙarar bindiga. Da karyayyar Hausarta ta daka mini tsawa.

"Maman Ladi, ka sauka! Kar ka bi titi! Bi ruwa, bi ruwa!"

Muka bi ruwa. Ta tattara matan da ke bakin kududdufi, ta kora mu cikin lambatun da ke kai ruwan wankin kuza. Laka har cinya. Muna tafe a sunkuye. Ladi ta fara kuka, na juyo da ita gaba, na cusa mata nono. Harbin ya koma jefi-jefi, sannan ya tsaya. Sai ƙugin katafila, da ƙarar langa-langa na murƙushewa. Wata a bayana ta ce ɗanta na ɗaki, ta juya za ta koma. Mama Ngozi ta shara mata mari, ta riƙe ta da hannu biyu.

Rana ta kusa tsaka muka fita daga lambatu, muka faɗa gonakin acca. Shingen ƙerana ya tare mu. Muka kutsa. Farin ruwansa ya zuba mini a hannu, tabon yana nan har yau. Wata tsohuwa 'yar ƙauyen ta gan mu, ta janye icen da ya toshe ƙofar shingenta. Ta ba mu ruwa a ƙwarya. Ba ta tambaye mu komai ba, hayaƙin ya riga mu isowa.

Muna bayan Bukuru muka ji kiran azahar. Ba mu shiga gari ba, Mama Ngozi ta hana. A nan muka rarrabu, kowa ya nufi inda yake da dangi. Da la'asar wani direban motar shanu ya tsaya mana. Na zauna a kan kashin shanu da Ladi a cinya, ruwa ya sake saukowa. Kafin magariba na sauka a unguwar Abattoir a Jos, gidan gwaggona da ke auren mahauci. Ta buɗe ƙofa, ta dube ni, ta dubi bayana. Ba kowa a bayana.

Ba a ba mu gawa ko ɗaya ba. Labarin da ya zaga gari shi ne wasu masu satar kuza sun afka wa ma'aikata da makamai. Makamai! Shebur ɗin da suka ɗauko su tono ɗan'uwansu. Wannan ƙaryar ba ta yi mini zafi sosai ba, ta baƙi ce. Ta gida ce ta ƙona ni. Matar Heluma Garba, wadda ita ma ta rasa mijinta, ta zo har ƙofar gwaggona, ta tsaya ba sallama, ta ce ubana ne ya kira su. Na faɗa mata abin da na gani. Ta ce ni 'yarsa ce, dama me zan ce. Na nemi mai shaida ban samu ba. Mama Ngozi ta sunkuyar da kai lokacin, ba ta gani ba. Waɗanda suka tsira daga ramuka ƙarfen kawai suka ji.

Da damina ta wuce na koma ni kaɗai. Bariki ya zama fili, kamar an share tsakar gida. Mangwaron kaɗai ya rage, da ƙarfen a reshensa. Na yi ta tone ciyawa da ƙafa har na sami gudumar. Ba a gindin bishiya take ba. Tana can nesa ta wajen gangare, inda ya jefa ta. Na kai wa matar Heluma, na ajiye a gabanta, na faɗa mata inda na tsinta. Ta kau da kai. Wasu sun yarda, wasu ba su yarda ba. Ban roƙi kowa ba, na ɗauki abata na tafi.

Mai halin nan ko bulo ɗaya bai aza a filin ba. Yanzu titi ya faɗaɗa har ya kusa taɓa saiwar mangwaron. Reshen ya yi kauri ya haɗiye sarƙar, ƙarfen na lilo kamar bishiyar ce ta haife shi. Fasinjoji suna nunawa ta taga. Wani kwandasta ya taɓa ce mini na aljanu ne, sau ɗaya a shekara yake buga kansa. Na ce masa ni ce aljanar, ya sauke ni a nan. Masu sayen tsohon ƙarfe sun zo da zarto wata shekara. Na shimfiɗa zanena a ƙarƙashinsa na zauna, na ce su fara da wuyana. Suka ce tsohuwar ta taɓu, suka tafi.

Ranar da abin ya faru an buga na fita aiki, an buga na ruftawa. Ba a buga na tashi ba. Shi ya sa duk farkon damina nake hawa mota in sauka a gindin mangwaro da la'asar, da gudumar a jaka. Nakan buga biyu-biyu, yadda Baba ke yi, sannan in kira su. Heluma Garba. Bitrus mai diga. Audu Dogo da ƙanensa Sale. Yaron da ya rage a ɗaki. Babana, Malam Sule. Da Iliya, baban Ladi.

A nan kaɗai nake kiran sunansa. Sai in mayar da gudumar cikin jaka, in tsallaka titi, in jira motar Jos.