Minti Huɗu da Aka Yanke a Kaset ɗin Moutari

Moutari mutumin Damagaram ne. Shekara ashirin da biyu ke nan yana gyaran asansar, wato akwatin nan na ƙarfe mai hawa da mutane saman bene, a garin Rillieux-la-Pape kusa da Lyon. Lantarki ya karanta a jami'a a Yamai, ya zo Faransa da niyyar ƙaro karatu, aiki ya riƙe shi. Aikin ya koya masa abu guda: asansar ko ta tashi ko ba ta tashi ba, babu bayanin da zai kai tsohuwa hawa na tara. Da wannan yake auna mutane, shi ya sa abokansa ba su da yawa.

Amma lokacin yana ɗalibi bakinsa ba ya rufuwa. Shi ne mai ɗaukar wasan ƙwallon ɗalibai, da wata kamara mai nauyi da wansa ya aiko masa daga Libiya. Kuma bai iya ɗauka shiru ba. Kamara a kafaɗa, yana kiran sunan kowa, yana yabon wanda ya yi abin kirki, yana tsiya ga wanda ya zubar da ƙwallo. Kaset goma sha ɗaya ya tara. Ranar da zai taho Faransa ya rage tufafi a akwati ya zuba su.

Guda ɗaya kawai ya taɓa juyewa a kwamfuta, wasan ƙarshe na shekarar 1996 tsakanin ɗaliban kimiyya da ɗaliban shari'a. Ya ɗora shi a wani shafin bidiyo na intanet. Daga baya kwamfutar ta mutu da duk abin da ke cikinta, bai damu ba, tunda wasan yana can a shafi kuma kaset tana cikin kabad. Ran Lahadi bayan la'asar yakan zauna ya kalla, hoto na rawa, shi kuma yana jin muryar kansa yana yaro ɗanye.

Bara aka kira taron tsofaffin 'yan ƙwallon jami'a mazauna Faransa, a Paris. Shugaban ƙungiyar, Alhaji Salisu, ya yi jawabin awa guda a kan tarihi da amana da 'ya'yanmu masu tasowa. Ya ce duk mai tsohuwar kaset ya kawo, ƙungiya za ta juye ta gyara, ta mayar wa kowa abinsa. Kafin Moutari ya fita gida matarsa Biba ta ce masa, “Idan ka ba su, ka karɓi takarda.”

“Alhaji ya girme ni da shekara biyar, kuma unguwarmu ɗaya a gida. Da wane ido zan ce ya rubuta mini?”

Ya miƙa kaset ɗin duka a cikin leda. Ana tsakiyar cin abinci aka zagayo da takardar nan da ake zagayawa a kowane taro, kowa ya rubuta sunansa ya sa hannu don a san wanda ya zo. Da farantin shinkafa a cinyarsa ya sa nasa hannun, bai ko duba saman takardar ba. Babu wanda ya duba.

Wata bakwai babu kaset, babu labari. Sai wata Asabar wata yarinya ta zo gaishe su. Sunanta Ummukulthum, ta zo Lyon karatun haɗa magunguna, uwarta ce ta turo ta wurin Moutari. Ashe 'yar Mika'il ce, golan ɗaliban kimiyya, abokin ɗakinsa, wanda ya rasu a haɗarin mota a hanyar Maraɗi tana da wata bakwai a duniya. Abin da ta sani na mahaifinta hoton katin shaida ne guda ɗaya, ya riga ya koɗe.

Moutari ya dube ta, ya ga goshin Mika'il. Ya ce, “Zauna, 'yata. Yanzu za ki gan shi yana tafiya, ki ji muryarsa.”

Ya buɗe shafin. Inda wasan yake sai baƙin allo da rubutu: an cire wannan bidiyo saboda ƙorafin mai haƙƙin mallakarsa. A ƙasa sunan ƙungiya.

Ya lalubo shafin ƙungiyar, ga wasan nan kuwa. An manna tambari a kusurwa, an shafe muryarsa an ɗora wani kiɗa irin na tallan sabulu. Mika'il yana can nesa cikin raga, bai fi ɗan yatsa ba. Ummukulthum ta matso har hancinta na neman taɓa allon.

“Tonton,” ta ce, wato kawu da Faransanci, “wane ne shi a ciki?”

“Jira a tafi hutu. A nan na matsa kusa da shi.”

Aka busa hutun rabin lokaci, sai hoto ya yi tsalle, an dawo wasa. Moutari ya mayar baya sau uku. Minti huɗu babu su. Ya san abin da ke cikinsu kamar tafin hannunsa: ya taka har bakin benci, fuskar Mika'il ta cika hoto, yana haki yana magana. Kuma a gefensa akwai Salisu, da wando da silifa, riƙe da bokitin ruwa. Salisun da shekara ashirin yana gaya wa mutanen Paris cewa shi ne kyaftin a wannan wasa.

Yarinyar ta yi godiya kamar an ba ta wani abu, ta tafi. Wannan godiyar ta fi komai ci masa rai.

Ya cika takardar ƙorafi a shafin, ya rubuta cewa shi ya ɗauka, da kamararsa, da kafaɗarsa. Bayan kwana goma amsa ta zo. Ƙungiya ta aika wa masu shafin da rahoton taro, inda aka rubuta cewa Malam Moutari ya ba da kyautar kaset ɗinsa tare da duk haƙƙin da ke kansu. A bayan rahoton an liƙa takardar sunaye, ga sa hannunsa na goma sha huɗu, har da ɗigon mai a gefe. Biba ta karanta ta ajiye, ta shiga kicin.

Asabar ta gaba ya hau jirgin ƙasa na safe zuwa Paris. Ya san inda zai sami Alhaji da mutanensa, wani gidan abinci a unguwar Château Rouge, tsakanin mahauci da mai sayar da atamfa. Alhaji Salisu na zaune cikin shadda mai sitaci da mutum uku. Aka yi gaisuwa tun daga gajiyar hanya har zuwa lafiyar mutanen Damagaram ɗaya bayan ɗaya. Moutari ya jira aka gama.

“Alhaji, kaset ɗina na zo karɓa.”

“Kai ƙanena, har yanzu ba ka iya zama ba. A kawo masa shayi. Ka ga, wannan abu ya wuce ni da kai, ya zama patirimuwan, gadon kowa da kowa. Sai da muka kare shi a shari'ance, kada wani can ya ɗauka ya ce nasa ne.”

“Wani can ni ne ke nan.”

Ɗaya daga cikin mutanen ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

“Babu wanda ya ce haka. Na'ura ce ta cire naka, ba mutum ba.”

“Na'urar ce ta yanke hutun rabin lokaci?”

Alhaji ya gyara hula. “Wurin bai fito da kyau ba. Kuma bakinka a lokacin, Moutari, ka san ba abin da za a nuna wa yara ba ne. Mu yanzu manya ne, akwai mutunci.”

“'Yar Mika'il tana Lyon. Ba ta taɓa jin muryar ubanta ba. Muryar tana cikin wurin da bai fito da kyau ba.”

Nan fa aka shiga salati da addu'a. Allah ya jiƙan Mika'il, ai gola ne da ba a sake yin irinsa ba. Alhaji har ya share ido, ya ce shi da marigayi a fili da ido kawai suke magana. Ya ce za a sa batun a taron kwamiti na watan gobe, za a ma shirya wa marigayin ranar tunawa, da jawabai, yarinyar ta zauna a gaba. Sauran suka ce a yi haƙuri, duk abu ɗaya ne, kada a ji kanmu a waje.

“Kaset ɗin suna ina?”

“Suna wuri mai kyau.”

Moutari ya tashi ya bar shayin yana tururi. Ƙyama ce ta kama shi, irin wadda yakan ji idan ya sauka ramin asansar ya tarar da abin da mutane suka shekara suna zubarwa. A can aƙalla akwai safar hannu.

Bai nufi tashar komawa Lyon ba. Ya shiga jirgin Sevran, a bayan Paris, domin ya san gidan Alhaji a can. A ƙofar benen ya tarar da takarda manne a jikin asansar, ta lalace, ana ba da haƙuri, kuma ranar da ke jikin takardar ta kwana ashirin. A gindin matakala wata mata ce zaune tana murza gwiwa, da ƙullin gorunan ruwa biyu da buhun shinkafa a gabanta. Hajiya Maimouna ce, matar Alhaji. Suka gaisa. Ya ɗora buhun a kafaɗa, ya kai hawa na takwas, ya dawo ya ɗauki ruwan. Da ta iso tana numfashi sama sama ta ce, “Alhaji ya ce zai rubuta wa masu benen wasiƙa mai zafi. Yau sati uku yana neman kalmomin.”

Ta ba shi ruwa, ta tambaye shi abin da ya kawo shi. Ya gaya mata duka, bai rage ba, har da bokitin.

“Bokiti,” in ji ta. “Malam Moutari, shekara ashirin da shida ina wanke wa mutumin nan kaya. Ƙafar da ta buga ƙwallo ba a ɓoye ta. Bi ni.”

Ta buɗe ƙofar baranda. Wuri mai kyau ɗin ke nan: ledarsa ce a ƙasa, bayan tsohuwar tukunyar fure, ruwan sama ya dake ta, tattabaru sun yi kashi a kai. Ya tsuguna ya buɗe. Wari ya bugo shi. Ta cikin tagar kaset ɗin ana ganin farin funfuna ya kama zaren kamar auduga.

“Kwashe abinka,” ta ce. “Idan ya tambaya, ni na share barandata.”

Sati biyu ya yi a kan teburin kicin, bayan ya taso aiki, da ƙaramin sukudireba da auduga da ruwan goge na'ura. Yana kwance kaset, yana jan zaren a hankali yana sharewa taku bayan taku. Bakwai sun manne, suna tsinkewa a hannu, ya zuba su a shara da kansa. Huɗu suka tsira. Ta 1996 tana cikinsu, sai dai farkonta ya tafi.

Ran Lahadi ya kira Ummukulthum. Ya haɗa tsohon bidiyonsa da talabijin, ya tura kaset har zuwa hutu. Hoto ya yi layi layi, ya daidaita. Ga muryar Moutari tana cewa, “Ga shi nan, golan da ya fi raga rami.” Sai fuska ta cika allon, baƙi mai faɗin goshi, gumi na ɗiga daga haɓarsa, da wushirya.

“Moutari, ɗauke wannan abin daga fuskata ko in ba ka safar ka shiga ragar. Salisu, miƙo ruwan mana, kai ma kallon kake yi?”

Ya sha, ya zuba sauran a kansa, ya yi dariya, ya ɗaga wa kamara yatsa biyu.

Ummukulthum ta ƙura wa allon ido. Can ta taɓa haƙoranta na gaba, inda tata wushiryar take.

“Tonton, a mayar.”

Ya mayar. Sau shida ya mayar, Biba na tsaye a bakin ƙofa da cokali a hannu. A na bakwai ya ce zaren ba zai jure ba, ta bari ya juye mata a waya tukuna.

Shafinsa har yau yana ɗauke da gargaɗin cewa ya taɓa ɗora kayan wani. Wasan ƙungiya yana nan da kiɗansa da tambarinsa, an ma ƙara rubutu a ƙasa ana gode wa shugaba bisa ƙoƙarin ceto tarihi. An yi taron kwamiti, an ɗaga batun zuwa wani watan. Moutari bai sake rubuta wa kowa ba. Ya juye wasan a wuri uku, ya naɗe kaset ɗin a tsumma mai tsabta ya miƙa wa yarinyar.

“Taki ce. Duk wanda ya ce ki kawo ya adana miki, ko da rawani ya zo, ki ce ya zo gida ya zauna ya kalla.”

Ta sa ta a jaka ta rungume jakar. Ya raka ta tashar bas, ya dawo ya shirya akwatin aikinsa, domin akwai asansar da ta tsaya a wani bene tun ran Juma'a.