Jan Tsumma da Farin Tsumma

Mahaifinmu ma'aikacin gandun daji ne. Ko bayan da ya yi ritaya, in dorina ta addabi masu shinkafa a bakin kogin garinmu, shi hukuma take aiko wa da takarda. Bindigoginsa biyu, kowace da lasisinta. Ƙaramar ta gwanki da mugun dawa ce. Babbar, wadda yake kira uku-bakwai-biyar, ta ɓauna da dorina ce, kuma ita ta karkatar masa da kafaɗar dama, har ya bar duniya riga ba ta zama masa daidai.

Harsashin babbar iri biyu ne. Akwai mai bakin dalma, wanda in ya shiga nama yake bajewa ya yi ɓarna a ciki. Akwai mai rufaffen kai, tagulla har tsini, shi ba ya bajewa, ƙashi yake hudawa ya wuce. Baba yakan ce, “Ɓauna a ƙirji ake nemanta, ki ba ta mai dalma. Dorina kuwa kai kawai take nuna miki a ruwa, kuma kan nan nata turmi ne. In kika ba ta dalma, tsokanarta kika yi.”

Ni yake faɗa wa, domin ni ce babba, kuma ni ce a gida. Ƙanena, autanmu, yana makarantar kwana a lokacin. Da idon Baba ya fara rauni, sai ya zama ni ke zama kan tabarma ina ware masa su ɗaya bayan ɗaya. Masu dalma in naɗe a jan tsumma, masu rufaffen kai a farin tsumma, in zuba cikin wani tsohon gwangwanin alawa. Inna, mahaifiyarmu, takan leƙo daga madafa ta ce 'ya'yan mutane suna koyon tuƙa tuwo, tata 'yar tana koyon kashe dorina, ta ga mai aurenta. An dai samu mai auren. Malami ne, kuma shi ya kwaso ni zuwa Kuala Lumpur da aka ba shi gurbin ƙaro karatu.

A unguwar Taman Melati muka zauna, hawa na goma sha ɗaya. Ina yin dambun nama da cincin ina sayar wa ɗalibai, ina kai yara biyu makaranta ina ɗauko su. A ƙasar nan harsashi ɗaya aka samu a aljihunka ka shiga uku, saboda haka ko a hira ba na kawo zancen. Matan da muke haɗuwa wajen suna da walima sun san ni da dambu ne. Ba wadda ta san na iya bambance harsashi ko da idona a rufe, da ɗan yatsa kawai.

A shekararmu ta huɗu Baba ya rasu. Fasfona yana ofishin shige da fice ana sabunta biza, ban je ba. Na ga makararsa a waya, wani ɗan'uwa yana riƙe da wayar a can, hoton rabi makara rabi ƙafafun mutane. Mata suka cika mini falo suna karɓar gaisuwa tare da ni, suna jira in yi kuka su rarrashe ni. Kukan bai zo ba. Na tashi na dafa musu shayi. Daga ranar komai ya zame mini kamar abincin mai mura, ina ci, ina haɗiyewa, ba na jin gishiri. Ina wanki, ina salla, ina amsa wa maigidana in ya yi magana. Ya ɗauka haƙuri ne, har yana yabona a gaban abokansa.

Wata huɗu bayan nan Auta ya kira ni. Ya gaji aikin Baba a gandun daji, amma bai taɓa harbin abin da ya fi gada ba. Wajen ƙarfe ɗaya ne na rana a nan, can kuma an idar da asuba kenan. Ina cikin LRT, jirgin ƙasa na cikin gari, na ɗauko yara, hannuna ɗaya da jakar dambun da zan kai wa wasu ɗalibai, ɗaya riƙe da wayar. Ruwa ake zubawa kamar da bakin ƙwarya, hoton wayar yana tsayawa yana tafiya.

Ya ce, “Yaya, wata dorina ta kife jirgin masunta, takarda ta fito, ni aka ba. Ga gwangwanin Baba a gabana. Wanne zan ɗauka?”

Na ga gwangwanin a kan tabarmar da na sani, na ga ƙullin nan biyu. Ban ji komai ba. Ƙaramar 'yata tana jan hijabina tana cewa, “Mummy, nak makan, I'm hungry lah,” wai yunwa take ji. Wata 'yar China kusa da ni tana kallon wayata.

Na ce, “Babbar bindiga. Farin tsumma.”

“Fari, ko? Kin tabbata?”

“Ni na naɗe su da hannuna, Auta. Tsakanin ido da kunne za ka nema. Kar ka harba sai ta tsaya cak.”

Ya yi dariya ya ce, “To, Sarkin Baka.” Haka yake tsokanata tun muna yara. Aka kira tasharmu, na kashe wayar na kama hannun yara. Ban ce ya kwance ƙullin ya nuna mini ba. Abin da Baba bai taɓa tsallakewa ba kenan. Ko ni na naɗe, sai ya kwance ya shafa kan kowane da babban yatsa kafin ya ɗura. Na san wannan sarai. Kawai dai ban ga abin da zai sa in ƙara wata magana ba, a kwanakin nan kowace magana nauyi take yi mini.

Washegari da la'asar muna shagon mamak, gidan abincin da ke ƙasan gidanmu, yara suna cin roti, wata irin gurasa, maigidana ya amsa waya. Ya miƙe ya fita waje, ya daɗe, ya dawo ya zauna. Ya ce Auta ya harba, ya samu kan daidai inda aka ce, amma harsashin bai shiga ba. Dorinar ta nutse, ta taso a ƙarƙashin kwale-kwalensu. Mutum biyun da ke tare da shi sun yi iyo sun fita. Shi ta kama shi a ƙafa. Yana da rai, yana asibiti, an yanke ƙafar daga gwiwa.

Na ce innalillahi, domin abin da ake cewa kenan. Sai na lura ɗana ya zubar da miya a rigar makarantarsa, na ɗauki tishu na goge. Na tambayi mai shagon ya ƙulle mana sauran rotin mu tafi da shi. A lif maigidana yana ta kallona, ni kuma ina kallon lambobin hawa suna canjawa.

Bayan kwana uku na samu Inna a waya. Muryarta ta dushe. Ta ba ni labarin asibiti, da masu zuwa dubiya, da wanda ya kawo lemo da wanda bai leƙo ba. Can ta ce, “Ko gwangwanin nan da ya ɗauka, ni na gyara shi bayan arba'in. Tsummokaran sun yi baƙi ƙirin da mai. Na ce kayan mamaci ba a barinsu da dauɗa, na juye na wanke su tas, na shanya, na mayar masa yadda suke.”

Na ce, “Yadda suke, Inna?”

“Kashi biyu ba? Kashi biyu na mayar, ban haɗa su ba.”

Ba ta haɗa su ba. Inna ba ta taɓa sanin launin yana da ma'ana ba, a wurinta tsumma tsumma ne. Na buɗe baki, sai na ji tana jan majina, tsohuwa mai takaba da ɗa a gadon asibiti. Na ce Allah ya saka mata da alheri, ta kyauta. Har yau ba ta sani ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba.

Mutanen gari suka ce dorinar tana da iska, shi ya sa harsashi bai kama ta ba. Wasu suka ce harsashin ne ya tsufa. Hukuma ta kawo wani maharbi daga wata jiha ya ƙarasa aikin. Auta bai taɓa cewa da ni komai ba. In ya kira, sai ya tambayi yara, ya ce in aiko masa da dambu, wai na matarsa kamar dusa. Ina dariya a inda ya kamata. Na so a ce ya zage ni, ko ya daina ɗaukar wayata, wataƙila da na ji wani abu. Ina jin kunyarsa, wannan kam na sani, amma kunyar ma kamar daga ɗakin maƙwabta nake jiyo ta.

Ya fara tafiya da sanda, aka mayar da shi aikin ofis. Za a karɓi bindigar da sauran harsasan, aka ce ya rubuta kowane iri da sunansa a takarda kafin ya miƙa. Ranar wata Asabar da la'asar ina tsaye a baranda ina shanya kayan makaranta, saƙonsa ya shigo. Hoto ne. Ya kwance ƙullin biyu, ya ɗora harsashi ɗaya a kan jan tsumma, ɗaya a kan fari, a kan tabarmar Baba. A gefen hoton ana ganin ƙarshen sandarsa.

Ya rubuta, “Yaya, don Allah wanne ne wanne? Ni duk ɗaya nake ganinsu.”

Ban ma buƙaci faɗaɗa hoton ba. Wanda ke kan farin tsumma bakinsa toka-toka ne, dalma a fili, ko daga ƙofar ɗaki zan gane shi. Da na ce ya kwance a ranar, ko numfashi biyu ba zai ɗauke mu ba.

Na rubuta masa amsa: na kan fari mai dalma ne, na ɓauna, na kan ja shi ne na dorina. Na ga alamar ya karanta. Na ga ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa, ya tsaya. Rigar ɗana tana hannuna tana ɗiga a kan ƙafata. Na tsaya ina jira.

Sai ya rubuto, “To. Na gode, Sarkin Baka.”