Wuƙar Maigida Kuramochi Ba Ta Yi Kuskure Ba

Da safiyar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, ɗanka Shinpei ya kira ni ya ce ka rasu bayan jinyar kwana tara. Maigida Kuramochi Genzo, shekarunka saba'in da huɗu, kuma arba'in daga cikinsu a tsaye ka yi su gaban farantin ƙarfe da kaskon gawayi, a gidan abincinka mai kujera takwas da ke gangaren Kitano a nan Kobe.

Masu yabonka suna da yawa, kuma sun fi ni sanin nama. Ni malamin adabi ne, abin da na iya shi ne surutu a kan abinci har ya huce. Ka sha katse ni ina tsakiyar bayani: "Malam, littafin zai jira ka. Naman nan ba zai jira ba." Ba ka taɓa wasa da wuƙa a iska don a tafa maka ba. Ka ce wanda ke son kallon wasa ya tafi gidan wasa.

Amma ba yabo ne ya sa ni ɗaukar alƙalami ba. Akwai maganar da na riƙe shekara bakwai, kuma kamata ya yi in faɗe ta kana raye.

Wata Lahadi da rana na kawo 'yata Chizuru don mu gana da dangin saurayinta, Takuma, a karon farko. Mahaifiyarsa, Uwargida Onodera, ba ta son auren. Mijinta bai cika wata uku da rasuwa ba, tana ganin an yi gaggawa, kuma ta riga ta gaya wa ɗanta cewa daga wannan zama za ta yanke hukunci. A hanya Chizuru ta ja hannun rigata ta ce, "Baba, don Allah yau ban da marubutan da suka mutu. Ka ci abinci kawai."

Mu huɗu muka zauna a gefe ɗaya, wasu baƙi uku a ɗaya gefen, kujera guda babu kowa. Ka gasa jatan lande, ka gasa laimar kwaɗi a garwashi. Uwargida ta ci kamar mai shan magani. Na yi maganar ruwan sama, ta ce haka ne. Na yi maganar furanni, ta ce haka ne. Ban da ƙarar kitse a kan ƙarfe ba a jin komai, gumi kuwa ya jiƙa mini wuya.

Da ka yanka naman sa ka raba mana, sai na ga dama ta samu in nuna ni surukin kirki ne. Na ɗauki yankan da ya fi kyau da tsinkayena na cin abinci na miƙa wa Takuma. Shi kuma, saboda tsoron kada ya bar babba da hannu a miƙe, ya kawo nasa tsinkayen ya kama. Muka riƙe nama ɗaya mu biyu, a gaban idon mahaifiyarsa.

A ƙasar nan ko yaron firamare ya san wuri ɗaya ne mutum biyu ke riƙe abu ɗaya da tsinke: ranar da aka ƙone mamaci, dangi suna tsince ƙasusuwansa suna sakawa a tulu. Matar nan da ɗanta sun yi hakan ƙasa da wata uku da suka wuce. Ni da na karanta littattafai cike da ɗaki biyu, ni na manta.

Uwargida ta ajiye tsinkayenta a hankali. Ta ɗauki jakarta ta ɗora a cinya. Na dubi Chizuru, ta sunkuyar da kai, kunnuwanta sun yi ja.

Sai ka sa faranti a ƙarƙashin hannuwanmu ka karɓe naman. Ka cire hularka, ka rusuna har goshinka ya kusa taɓa ƙarfe mai zafi.

"Uwargida, ki gafarce ni. Wuƙata ce ba ta raba yankan ba, suna ƙoƙarin raba shi ne. Tsufa ya fara kama hannuna."

Ƙarya ce. Yanka ɗaya ne, a rabe tsaf, ni na ɗauke shi. Amma ka faɗa da ƙarfi yadda baƙin nan uku za su ji, kuma ba ka ɗago ba sai da ta ce, "Ɗago, Maigida, ya isa." Sannan ka tambaye ta yadda marigayi mijinta yake son namansa. Ta ce, "A gawayi. Har ya ƙone. Kullum ina yi masa faɗa." Ka gasa yanka ɗaya har ya yi baƙi, abin da na san yana ƙona maka rai, ka ajiye a gaban kujerar da babu kowa. Ta daɗe tana kallon farantin. Daga baya ta sauke jakar ƙasa.

An ɗaura aure a lokacin kaka. Yanzu jikokina biyu.

Abin da ya biyo baya shi ne abin kunyata. Ɗaya daga baƙin nan ya fita da labarin, kafin wata ya zagayo ana cewa a Kitano hannun Kuramochi ya fara rawa. Wasu da suka shekara ashirin suna cin abincinka suka koma wani wuri. An faɗi maganar a gabana sau biyu, na kurɓi shayi na yi shiru, don ina tsoron ta koma kunnen Uwargida. Da na zo in ba ka haƙuri, ko ɗagowa ba ka yi daga wasa wuƙa ba. Ka ce, "Malam, ka zo cin nama ne ko karatu? In karatu ne, mun rufe."

Na san Uwargida Onodera tana karanta wannan mujallar, kuma ranar Asabar za mu zauna tare a gidan yaran. Ban san da wace fuska za ta karɓe ni ba. Duk da haka ina so mutanen Kobe su sani: a shekara arba'in wuƙar mutumin nan ba ta taɓa barin yanka a haɗe ba. Hannun da ya yi kuskure ranar nan nawa ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Tokiko, da ɗanka Shinpei wanda yanzu zai tsaya inda ka tsaya, da jikokinka. Ubangiji ya ba su haƙuri da ƙarfin zuciya. Kai kuma, Maigida, Ubangiji ya yi maka rahama, ya ba ka hutu bayan doguwar tsayuwa, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa wa wanda bai cancanta ba.