Aikin Farko na Malam Labbo Muhuti

A shekarar 1927 jirgin ƙasa ya iso Gusau, baƙi suka cika gari, ƙararraki suka yi wa kotun alƙali yawa. Don haka aka ɗauki wani saurayi mutumin Tsafe, Malam Labbo, a matsayin muhuti, wato mataimakin alƙali. Ya yi shekaru yana karatun shari'a a Sakkwato, amma bai taɓa zaman kotu ba.

Ƙarar da aka fara ba shi ta gadon gona ce a Furfuri, cikin ƙasar Bunguɗu. Mai gonar ya rasu ya bar mace ɗaya, Iya Luba, da 'ya'ya mata biyu, Hanatu da Wasila. Wani saurayi mai suna Jatau, wanda ke can yana aikin shimfiɗa hanyar jirgi lokacin rasuwar, ya dawo ya ce shi ma ɗan mamacin ne. Ƙanen mamacin, Dogo, ya musa. Ya ce Jatau ɗan riƙo ne da mahaifiyarsu ta raina, ita kuwa ta daɗe da rasuwa. A shari'a, idan mamaci ya bar ɗa namiji, ɗan'uwansa ba ya gadon komai. Idan mata kaɗai ya bari, Dogo na da rabo. Jatau kuwa ba gona kaɗai zai rasa ba, har da uba.

Iya Luba tana takaba, ba ta fita, saboda haka alƙali ya aiki Labbo ya jiyo ta bakinta. Ya same ta a bayan asabari, dangin mijinta sun cika tsakar gida.

"Iya, 'ya'yanki su waye?"

"Hanatu da Wasila."

"Shi ke nan?"

Ta yi shiru.

"Jatau ɗanki ne?"

Daga bisani ta ce a hankali, "Na Inna ne."

Dogo ya gyara zama. "To, Malam, ka ji da kunnenka. Ko a Sakkwato akwai wata fassarar?"

Labbo ya koma Gusau ya shaida wa alƙali a gaban jama'a cewa matar ba ta lissafa Jatau cikin 'ya'yanta ba, ta ce na surukarta ne. Jatau ya miƙe, sannan ya koma ya zauna a ƙasa. Dattawan da ke wurin suka shiga salati. Alƙali ya ba shi mako guda ya kawo hujja, kamar yadda shari'a ta tanada kafin yanke hukunci.

A cikin makon nan Labbo ya je Tsafe gaida iyayensa. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, ta amsa gaisuwar tana kallon bango, kamar yadda ta saba. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce, "Barka, Yelwa, an ce ɗanki ya zama babban mutum a Gusau."

"Ɗan wa?" in ji mahaifiyarsa. "Ni ina na ga ɗa? Wancan na kakarsa ne."

Labbo ya daskare a durƙushe. Tun yana yaro yake jin wannan magana, bai taɓa ɗaukarta komai ba, domin kowa ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna shi nata ne, balle a gaban dangin miji. Shi kansa ɗan fari ne. Amma da ya sa rawani ya zauna a Furfuri, sai ya saurari Iya Luba da kunnen littafi. Ya kuma gane cewa Dogo ya san abin da za ta faɗa, shi ya sa ya tara dangi.

Bai tsaya cin tuwon da aka ɗora masa ba. Ya hau doki ya koma wurin alƙali ya faɗi abin da ya gano. Tsohon ya dube shi ya ce, "Ka ce mini ta musa shi. Ba ka ce mini shi ne babba ba."

"Ban tambaya ba, Allah ya gafarta Malam."

"To, koma ka tambaya. Ka tafi da dattawa biyu su ji."

A Furfuri, Labbo ya nemi dangin miji su fita zaure. Dogo ya ce, "Yau kuma wace aya aka zo da ita?" Labbo ya wuce shi. Ya zauna kusa da asabari, wannan karon bai ambaci sunan kowa ba.

"Iya, sau nawa kika yi wankan jego wa marigayi?"

"Sau ukku."

"Kin faɗa mini biyu. Na farkon yana raye?"

"Yana raye."

"Yana ina?"

Suka ji tana jan hanci a bayan asabarin. "Yana can gindin tsamiya. Tun da ya dawo daga Gusau bai shigo gidan ga ba. Malam, ku ce mai ya zo ya ci abinci."

Mutum ɗaya ne kaɗai a gindin tsamiyar. Limamin da ya raɗa masa suna da wanzamin da ya yi masa aski, waɗanda ba wanda ya tuna da su a baya, suka zo Gusau suka ba da shaida. Alƙali ya tabbatar da Jatau ɗa ne, Dogo ya tashi babu rabo.

Malam Labbo ya yi sauran rayuwarsa a aikin kotu, bai kai ga zama alƙali ba. Jikansa, wanda na koyar a makaranta kuma ya ba ni wannan labari, ya ce tun daga ranar kakansa bai sake jin shaidar mace a gaban surukanta ba. A yau jikokin Jatau ne ke noma gonar Furfuri. An sare tsamiyar, an gina masallacin unguwa a wurin.